Iccen Saje

Kawu ya rasu a bazara, lokacin da hadari ke haɗuwa ta bayan dutse ya watse ba ko ɗigo. Tsufa ne da ciwon ƙafar da ya daɗe yana ja, ba wanda zai ce abin ya zo masa ba zato. An kai gawarsa ɗakin ajiya na asibiti don a jira 'ya'yansa maza da ke aiki nesa, mu kuma muka jera bencinan coci da tabarmi a tsakar gida, ƙarƙashin itatuwan da ya shuka da hannunsa, muka zauna karɓar gaisuwa. Allah ya ba shi hutu, ya yafe masa abin da ya sani da wanda bai sani ba.

Ni 'yar ƙanwarsa ce. Uwata ta rasu ina ƙarama, shi ya ɗauko ni ya riƙe har ya aurar da ni a garin Danko. Aikina a zaman makokin shi ne kai ruwa, da nuna wa mutane wurin zama, da jin abin da suke faɗa in sun ɗauka ba mai ji.

Tsofaffin sojoji ne suka fara zuwa, kowa da hularsa da ta koɗe. Suka tsaya bakin ƙofa suka ƙame, gwargwadon yadda gwiwa ta yarda, suka sara wa kujerarsa. Matan zumuntar coci suka zo da waƙa da tukwane. Sai wani dattijon Bafulatani da ya tako tun daga rugarsa, ya tsuguna gaban Inna, matar Kawu, ya yi kuka na gaske, irin wanda ko 'ya'yan gidan ba su yi ba. Ya ce shekarar da ciyawa ta ƙare tun rani bai raba ba, ganyen iccen Saje ne ya kai shanunsa damina, kuma Saje, wato Kawu, bai taɓa hana shi sara ba.

Wata maƙwabciya kuwa, bayan ta gama "ya haƙuri, ya haƙuri," sai ta ɗaga kai ta dubi busassun kwasfan da ke lilo a samanmu, ta ce a hankali, "Allah shi ji ƙan rai. Amma hwa ya bar muna aiki." Wadda ke kusa da ita ta mintsine ta. Ba ita kaɗai ta ɗaga kai ba. Duk wanda ya zauna sai ya dubi sama, don in iska ta kaɗa kwasfan nan sukan fashe, 'ya'yan su zubo cikin kofin kunun mutum. Na wuni ina tsamo su da cokali.

Mutum ɗaya ne bai zo ba, kuma kowa ya lura. Kawu Ƙarami, ƙanensa uwa ɗaya uba ɗaya, wanda gidansa ba nisan da za a hau babur. Rashin zuwansa ba ƙaramin abu ba ne, don Kawu ya sha faɗa, gaban kowa, cewa kusa da ubansu za a kwantar da shi, a kufan tsohon gidansu da ke gindin dutse. Kufan nan yana cikin gonar gado, gonar kuwa tana hannun Kawu Ƙarami. Ba mai sa diga a wurin sai da bakinsa, bakin nan kuma ya daɗe bai yi wa yayansa magana ba. Dalili kuwa shi ne itacen da muke zaune a inuwarsa.

Kawu ya yi soja kamar yawancin sa'o'insa na ƙasar Zuru, ya kai saje, sunan ya bi shi har coci. An taɓa tura su wata ƙasa bayan teku aikin raba faɗa. Abokansa suka dawo da rediyo da agogo da barguna. Shi ya dawo da kwalin ashana cike da wani iri mai sheƙi, ruwan ƙasa. Ya ce a can ya ga itacen a jere gefen hanyar gidajen hafsoshi, an aske shi daidai wa daida, da fararen furanni dunƙule-dunƙule kamar auduga, ya rantse in Allah ya mai da shi gida sai ƙofarsa ta yi kama da haka. Bai san sunan itacen ba, mu ma ba mu sani ba, aka sa masa iccen Saje.

Gaskiya ƙofarsa ta yi kyau. Itacen ba ƙaya, ba ya jiran shekaru, kafin ka ce me ya wuce katanga. Kawu ya ja igiya ya shuka su a layi, ya kewaye gindin kowanne da duwatsun da ya shafa wa farar ƙasa. Kullum da safe, bayan ya aske gemu, sai ya fito da sanda a hammata ya bi layin. Duk ɗan tsiron da ya leƙo inda ba a ce ya leƙo ba, ya sunkuya ya tuge shi. Yakan ce, "Icce kamar kurtu ne. Ka ba shi layi, ka duba shi kullum, ba ka da matsala da shi." Mu ma kurata yake ce mana. Ba a cin abinci a tsaye a gidansa, ba a zuwa coci da takalmi mai ƙura. Yakan riga fasto isa, in wa'azi ya yi tsawo kuma ya ɗaga hannu ya dubi agogo yadda kowa zai gani.

Lokacin da aka kawo ni gidan na ƙi cin abinci. Inna ta yi lallashi har ta gaji. Kawu bai iya lallashi ba, bai kuma gwada ba. Ya zo da gwangwanin madara da ɗan tsiro a ciki, ya ajiye gabana ya ce, "Wagga ma ba ta da uwa a ƙasan nan. Ki ba ta ruwa safe da yamma. In ta mutu ke zan kama." Na ba ta ruwa don tsoro, na ci tuwo don in samu ƙarfin ɗaukar bokiti. Ban taɓa gode masa a kan wannan ba, shi ma da na gode da ya ce in daina surutu.

Gwangwanin nan ya zama al'adarsa. Duk ɗiyar da za a kai gidan miji, bayan an ɗora kwanoni da katifa a mota, sai Kawu ya miƙo gwangwani da tsiro. Nawa ya tafi Danko, na babbar ɗiyarsa ya tafi garin Bena, na mai bi mata garin Kanya. Har ana tsokanar mu cewa in ka shiga gari ka ga iccen Saje, to tambayi gidan da suka auri ɗiyarsa. Yanzu tsokanar ba ta aiki, don itacen ya kai unguwannin da ba mu da ko suruki.

Wanda ya shiga gonar gado kuwa ta juji ya bi. Kawu bai koma noma ba bayan ya bar soja, saboda ƙafar. Amma a gidanmu kowane magidanci yakan aika jujinsa gonar gado kafin ruwa ya sauka, ko yana noma ko ba ya yi. Da haka ake sanin har yanzu kana cikin dangi. Jujin Kawu ya fi na kowa, don gidan da ake shara safe da yamma ne, awakinsa kuma ganyen itacen da kwasfansa suke ci. Yakan ɗauko amalanke ya tsaya a kai har a loda, yana cewa takinsa ya fi na kanti. Shekarun farko dawa ta yi kyau ƙwarai, Kawu Ƙarami da kansa ya kawo damin godiya.

Sai wasu 'yan tsirrai suka fara fitowa tsakanin kunya. Ganyensu sak na ɗorawa. Manomin ƙasarmu kuwa ba ya kashe ɗan ɗorawa ko ɗan kaɗanya in ya tarar a gona. Kauce masa yake yi da garma, har ya kafa masa dutse don kada wani ya taka. Haka Kawu Ƙarami ya yi. Ya yi ta kewaye su yana murna, yana ce wa matarsa jikoki za su sha daddawa. Ranar da suka yi fure, fari ya gani maimakon ja. Kafin ya yanke shawarar abin da zai yi, kwasfa sun bushe sun fashe.

Abin da ya biyo baya kowa a unguwar ya gani. Ya sare, kututture ɗaya ya fito da rassa kamar yatsu. Ya sa wuta, da ruwan farko ƙasa ta yi kore shar da sababbi. Ruwan da ke gangarowa daga dutse ya kwashi iri ya kai fadama. Dawa ta shiga inuwa ta yi tsawo ba kai. Wajen kufai ne abin ya fi muni, don Kawu Ƙarami ba zai kai wuta ko diga kusa da kabarin ubansa ba, itacen kuwa ba ruwansa da uban kowa. Wurin ya zama kurmi, akuya ma sai ta sunkuya.

Ina gida ranar da suka ɓata. Bazara ce irin wannan, amalanke na ƙofa ana loda juji, surukan Kawu na Bena sun zo gaisuwa suna zaune a inuwa. Kawu Ƙarami ya shigo da ƙaton dami na tsirran da ya tuge, ya sauke gaban yayansa.

"Yaya, bana kar ka aiko min takinka."

A wurinmu mayar wa mutum da jujinsa kusan cire shi daga dangi ne, kuma ga baƙi. Kawu ya sha kunu. Ya nuna layin itatuwansa da sanda.

"Dubi gidana. Ka ga guda waje da layi? Icce ba shi da laihi. Gona ce ba ta da mai ita."

"Mi kake nuhi, Yaya?"

"Ragwanci nake nuhi. Rago ne ke barin haki shi kore shi daga gonar ubanshi."

Jin haka, har masu lodi suka ajiye shebur. Kana iya ce wa mutumin ƙasarmu matalauci ko mashayi ya yi dariya, amma ban da rago. Ballantana wannan mutumin. A zamaninsu saurayi ba ya samun mata sai ya yi golmo, wato noman da ake yi wa iyayen yarinya shekara da shekaru kafin a ba da ita. Lokacin da ya kamata Kawu ya yi nasa yana bariki. Ƙanensa ne ya ɗauki garma ya shiga cikin samarin golmo a madadinsa, damina bayan damina, har aka kawo Inna gidan. Shi ya sa har ta yi furfura Amarya yake ce mata.

Kawu Ƙarami bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Rago. To. Tambayi Amarya wa ya yi noman da aka ba ka ita." Ya juya ya fita, ya bar damin a wurin. Bai ƙara taka gidan ba. A coci ɗaya na dama ɗaya na hagu. Da ciwo ya kwantar da Kawu ya aika a kira shi, ba sau ɗaya ba. Ƙanen ya aiko da zuma, ya aiko da zakara, shi dai bai zo ba.

Ina son Kawu, amma taurin kansa ya sha ba ni haushi, kuma a wannan magana shi ne da laifi. Na gaya masa. Ya ce kurtu ba ya gyara wa saje fareti. Kalmar "yi haƙuri" ba ta cikin kayan da ya dawo da su daga soja. Abin da ya fi kusa da ita na ji ne wata rana da muke dawowa daga asibiti a mota. Muka bi ta gefen rafi, inda dā akwai ɗinya da kanya, yanzu iccen Saje ne gaba da baya har kan gaɓa. Ya sa direba ya rage gudu, ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Waɗanga sun gudu daga bariki." Can kuma ya ce, "Can ƙasar ba haka suke ba. Ko da yake can akwai leburori, kullum suna bisa kansu da almakashi." Na jira ya ƙara wani abu. Ya ce direba ya taka mota, rana na yi.

Da 'ya'yansa maza suka iso, babban ya ce a daina wahala, a kai shi maƙabartar coci, ƙasa duk ƙasa ce. Dattawa suka gyaɗa kai don ba mai son zuwa wurin Kawu Ƙarami a kunyata shi. Da gari ya waye Inna ta ɗaura zane, ta ce in ɗauko mata sandar Kawu in biyo ta.

Mun sami Kawu Ƙarami a gona yana sassabe, yana tara kututtura. Ya gan mu tun daga nesa bai daina ba. Inna ta tsaya har ya ɗago.

"Amarya. Ya haƙuri?"

"Da godiya. Ba ka zo ba, na zo."

"Kin ga gonar," in ji shi, ya nuna da adda. "Kin ga wurin Baba. Ko hanyar shiga babu. Shi ya aiko su, su sunka riga shi kwanciya."

"Na gani. Ban zo in ce yana da gaskiya ba. Ba shi da ita, kuma ya mutu bai hwaɗa ba, ni na san mijina." Ta dogara da sandar. "Kai ka yi noman da aka kawo ni gidanku. Ban taɓa roƙon ka komi ba tun ran nan. Saura gona guda, ƙarama, tsawon mutum. Ka yi mashi ita."

Ya dubi ƙasa, ya dubi kurmin. Ya ce rana za ta yi mata zafi, in mai da ita gida. Muka dawo ba mu san matsayinmu ba, babban ɗa har ya aika a duba wuri a maƙabartar coci. Da azahar wani mai babur da ya fito ta gindin dutse ya tsaya ƙofa ya ce ana sara a kufai.

Mazan coci da tsofaffin sojoji suka tafi da gatura. Suka tarar Kawu Ƙarami ya riga ya buɗe hanya har kan kabarin uban. Ya bar su su ja rassa, amma ramin ya ce ba mai taɓa masa. Saiwa ce ta sarƙe ƙasar ko'ina, diga ba ta shiga sai an bi da gatari, tsoho ne kuma ba yaro ba. Aikin da ake gamawa kafin rana ta take ya kai shi har washegari. Na kai masa kunu na ga tafin hannunsa ya fashe, ya naɗe da tsumma. Ya sha, ya miƙo kwanon, ya koma cikin ramin.

Wurin jana'iza fasto ya ce duk wanda mamaci ya ɓata wa ya yafe masa. Mutane suka amsa, idanu suka koma wuri ɗaya. Kawu Ƙarami yana tsaye da tsumma a hannu, bai buɗe baki ba. Bayan an rufe, babbar ɗiya ta Bena ta fito da gwangwanin madara daga jaka, da ɗan tsiro a ciki, za ta dasa wajen kai. Niyyarta mai kyau ce, ba ta dai da lura, tun tana yarinya haka take. Inna ta karɓe gwangwanin ta ba ni, ta ce in riƙe. Na dawo da shi gida na ba akuya.

Na koma Zuru bayan ruwa ya zauna, na ce bari in je in ga kabarin. Ban yi tunanin abin da tonon ƙasa zai yi ba. Irin da ya shekara da shekaru a binne ya samu rana da ruwa lokaci guda. Tudun kabarin da duk filin da aka sare sun yi kore, tsiro a jikin tsiro, kamar an yafa da gangan. Kawu Ƙarami na tsugune a gefe, yana tugewa ɗaya bayan ɗaya yana jefawa a kwando. Gefen da ya gama ya yi fes, har ya jera duwatsu a layi.

Na gaishe shi, na tsuguna na kama. Na ce ko za a bar guda ɗaya wajen kai, tunda mai shi yana so.

"Ko guda," in ji shi. "In na bar guda, baɗi ba ki gane inda yake."

Na tambaye shi ko yakan zo sosai. Ya ce in ya yi kwana kaɗan bai zo ba sai su rufe wurin, don haka kusan kullum ne, kafin ya shiga dawa. Ya tuge wani mai doguwar saiwa, ya kaɗe ƙasar a kan kabarin, ya daddanna ta da tafin hannu.

"Da ranshi ya yi ta kira na, na ƙi zuwa," ya ce. "Dubi yanzu. Kullum da sahe ina nan, kamar kurtu."

Ya ja kwandon ya matsa gaba.